Wa Ya Rufe Giyabos? Tarihin Gyaran Giyar Otomatik da Hannun Mai Mota

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu tsofaffin motoci, daga Amurka har garejojin Kano da Maraɗi, cewa tun ranar da aka cusa wa mota kwamfuta mai ita ya rasa ikon taɓa abinsa. Wai a da sifana da sukudireba sun wadatar, yanzu kuwa ko murfin injin mutum ya ɗaga sai ya mayar ya rufe. Idan aka zo kan giyar otomatik maganar takan ƙara kauri, domin ita ce ɓangaren da ko makanikai da yawa ke wa kallon nesa. Sai dai tarihin wannan na'ura bai goyi bayan maganar ba. Giyar otomatik ta farko, wadda ba ta da waya ko ɗaya a jikinta, ba ta taɓa zama abin da mai mota ke gyarawa a ƙofar gidansa ba. Shigowar lantarki ce ta fara buɗe masa ita, har aka sami wasu shekaru, daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 2000, da mutum mai mita da haƙuri ke iya gano cutar giyarsa ya yi maganinta da kansa. Abin da ya zo ya rufe ƙofar daga baya shawarwari ne da kamfanoni suka yanke game da inda za a ajiye kwamfutar da wanda za a bari ya yi magana da ita.

Gaskiya ne an yi zamanin da mai mota shi ne makanikin motarsa. Model T ta kamfanin Ford, wadda aka ƙera fiye da miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927, tana zuwa ne da jakar kayan aiki, kuma manomin Amurka yakan buɗe murfin giyarta ya ƙara matse madaurinta ko ya canza musu shimfiɗa. Giyarta irin mai haƙoran da ke kewaya juna ce, irin da giyar otomatik ta gada, amma ƙafar direba ce ke zaɓar giya ta hanyar taka feda. Da aka ɗauke wannan aiki daga ƙafar direba, sai da aka ƙera abin da zai yi tunani a madadinsa. Kamfanin General Motors ya fitar da Hydra-Matic a 1939 a cikin motocin Oldsmobile na shekarar 1940, aikin wata tawaga ƙarƙashin injiniya Earl Thompson, kuma mai saye yana ƙara dala 57 a ba shi ita. A Yaƙin Duniya na Biyu an sa ta a tankokin yaƙi irin su M5 Stuart, abin da kamfanin ya yi ta talla da shi bayan yaƙi. Buick ta kawo Dynaflow a 1948, Chevrolet ta kawo Powerglide a 1950, Chrysler ta biyo da TorqueFlite a 1956. Yadda kasuwa ta dogara da ita ya fito fili a watan Agustan 1953, lokacin da gobara ta cinye masana'antar Hydra-Matic da ke Livonia a jihar Mishigan, har Cadillac da Oldsmobile suka koma aron giyar Buick, Pontiac kuma ta ari ta Chevrolet, domin masu saye sun riga sun saba da mota marar kuloci.

Ƙwaƙwalwar waɗannan giyoyi da mai take aiki. A ƙasan giyabos akwai wani faranti na ƙarfe da aka sassaƙa masa ɗaruruwan hanyoyi masu lanƙwasa, cike da bawul-bawul da sifirin da ƙananan ƙwallaye. Famfo yana tura mai da ƙarfi. Wani ma'auni da makanikai ke kira gwamna yana juyawa tare da sandar da ke kai gudu ga tayoyi, yana ƙara matsin mai gwargwadon saurin mota. A ɗaya ɓangaren kuma igiyar totur, ko iskar da injin ke zuƙa, tana samar da wani matsin gwargwadon yadda direba ya taka. Matsin nan biyu suna ture juna a kan bawul ɗaya, wanda ya rinjaya shi ke yanke ko a hau giya ko a sauka. Dabara ce mai ban sha'awa, amma ba ta da bakin faɗar abin da ke damunta. Idan mota ta ƙi shiga giya ta uku, laifin yana iya zama na gwamnan da datti ya maƙale, ko sifirin da ya saki, ko robar da ta tsage can ciki, ko faiba, wato shimfiɗar kuloci, da ta ƙone, kuma dukansu alama ɗaya suke nunawa. Mai ganowa sai wanda ya ɗaura ma'aunin matsin mai, ya san adadin da ya kamata ya gani a kowace giya, ya kuma shafe shekaru yana kwance irinta. Wanda ya buɗe farantin ba da sani ba, ƙwallo ɗaya ta gangara ƙasa ko ta koma ramin da ba nata ba, ya gama da giyar. Shi ya sa gyaran otomatik ya ware ya zama sana'a mai zaman kanta tun da wuri, har masu ita suka kafa ƙungiyarsu ta ATRA a 1954. Littattafan Haynes, waɗanda tun tsakiyar shekarun 1960 suke koya wa talaka kwance injin gaba ɗaya a gida, idan suka zo babin otomatik sukan taƙaita ga duba mai da daidaita igiya, sauran kuma su ce a kai wa gwani. Zamanin zinariyar da ake kewa, in dai a wannan ɓangare ne, ba a yi shi ba.

Ba don son mai mota aka kawo lantarki ba, man fetur da hayaƙi ne suka tilasta. Renault ta gwada sarrafa giya da lantarki tun 1969 a motarta 16 TA, amma abin bai zama dole ba sai bayan takunkumin mai na 1973 da dokar Amurka ta 1975 da ta ɗora wa kowane kamfani mizanin nisan da motocinsa za su yi da galan guda. Giyar otomatik ta lokacin ɓarnatacciya ce, domin ƙarfin injin yana bi ta cikin mai ne kafin ya isa haƙora, wani kaso kuma yana tafiya a zafi. Maganin shi ne a sa wani kuloci da zai kulle injin da giya kai tsaye idan mota ta miƙe hanya, kamar yadda Chrysler ta fara yi a 1978, a kuma ƙara giya ta huɗu. Amma sanin lokacin da ya dace a kulle, da la'akari da zafin injin da taka birki da hawan tudu, ya fi ƙarfin sifirin da ƙwallo. Toyota ta sa ƙaramar kwamfuta ta sarrafa giyar Crown a 1981. Ford ta kawo E4OD a 1989, General Motors ta kawo 4L80-E a 1991 da 4L60-E a 1993. Kafin ƙarshen shekarun 1990 da wuya a sami sabuwar giyar otomatik da gwamna ke tuƙa ta.

Abin da wannan sauyi ya yi, wanda masu kewar da ba su cika lura da shi ba, shi ne ya raba matsala gida uku, kuma biyu daga ciki suna hannun duk mai mita. Akwai sansa-sansa da ke kai labari: gudun mota, yadda aka taka totur, zafin mai, wurin da sandar giya take. Akwai kwamfutar da ke yanke hukunci, wadda a garejojinmu ake kira burenbos. Sai solonoyid, wato bawul mai naɗin waya da ke buɗewa ko rufewa idan an ba shi wuta. Ƙarfe da faiba suna nan yadda suke, amma tunanin ya fito waje ya hau waya, abin da ke kan waya kuwa ana iya auna shi. A 4L60-E solonoyid biyu kacal ke zaɓar giya huɗu: duka biyun a kunne giya ta ɗaya ke nan, na farko a kashe na biyu a kunne ta biyu, duka a kashe ta uku, na farko a kunne na biyu a kashe ta huɗu. Wanda ya riƙe wannan jeri, idan motarsa tana da ta biyu da ta uku kawai, ya san na farko ne ba ya aiki ko wayarsa ta tsinke. Idan kuma ta tashi a ta uku ta tsaya nan, abin da zai fara dubawa fiyus ne, domin alama ce ta cewa wuta ba ta isa giyabos kwata-kwata. A giyar A340E ta Toyota, wadda ke cikin Hilux da 4Runner da Crown, littafin kamfanin kansa ya koyar da wani gwaji mai sauƙi: a zare soket ɗin solonoyid, a tuƙa motar ana canza giya da hannu. Idan L ta ba da giya ta ɗaya, 2 ta ba da ta uku, D ta ba da ta huɗu, ƙarfen lafiya yake, a nemi cutar a lantarki. Solonoyid ɗinta kuma idan aka ɗora masa mita ya kamata ya nuna tsakanin om 11 da 15. A zamanin Hydra-Matic babu gwajin rabin sa'a da zai iya raba wa mutum gardama haka, ya gaya masa ko zai sauke giyabos ko kuwa waya zai ɗaure.

Bayan haka kwamfutar ta iya magana, kuma a farkon lamari ba ta neman tafinta mai tsada. Daga farkon shekarun 1980 motocin General Motors suna da wani soket a ƙarƙashin sitiyari, wanda idan aka haɗa ramukansa biyu, A da B, da guntun waya, fitilar injin takan riƙa ƙiftawa tana ƙirga lambar matsala. A Toyota ana haɗa TE1 da E1 ne, sai fitilar O/D OFF ta ƙifta: shida da biyu, wato 62, solonoyid na ɗaya; 63 na biyu; 64 na kullewa; 42 ko 61 sansar gudu. A Honda fitilar D4 ce ke wannan aiki. Kamfanonin sun yi haka ne domin makanikan dilolinsu, amma guntun waya ba shi da shamaki, kuma cikin ɗan lokaci lambobin suka shiga littattafan gyara na kasuwa. Injiniyoyi sun ƙara wata dabara, cewa idan kwamfuta ta ga abin da ba ta yarda da shi ba sai ta janye hannunta ta bar giyar a giya ɗaya tak, ta biyu ko ta uku, da cikakken matsin mai, don mota ta lallaɓa ta kai gida ba tare da ta ƙone faiba ba. Direbobi da yawa sukan ɗauka giyabos ya mutu idan haka ta faru, alhali sau tari kariya ce, kuma sansar da ba ta kai tsadar taya ɗaya ba ce ta jawo ta.

Mai ja da wannan bayani zai kawo Ultradrive, kuma yana da hujja. Chrysler ta fitar da wannan giya, mai lamba A604, a 1989, a matsayin wadda kwamfuta ke sarrafa kowane kulocinta kai tsaye, tana kuma koyon yadda faiba ke cinyewa tana gyara lokacin kamawa. Cikin shekara biyu sunanta ya ɓaci a Amurka: motoci suna maƙalewa a giya ta biyu, ana ta canza giyabos a ƙarƙashin garanti, ƙungiyoyin kare masu saye suna ta ƙorafi. An yi gaggawar fitar da ita kafin ta nuna, wannan babu musu. Amma da ƙura ta lafa an gano cewa babban kaso na matsalar ba mutuwar ƙarfe ba ne. Giyar tana buƙatar man da aka haɗa dominta, mai lamba 7176, wanda daga baya aka sa wa suna ATF+3, amma garejoji suka riƙa zuba mata Dexron da suka saba da shi, kuma takardun kamfanin na farko sun ba da ƙofar yin hakan idan ba a sami nata ba. Santsin man da bai dace ba yana rikita lissafin kwamfutar, sai giya ta riƙa karkarwa tana fizga. Wasu kuma sansar gudu ce ko soket mai tsatsa, amma makanikin da ya girma da TorqueFlite bai san ya duba nan ba, sai ya sauke giyabos. Masu motocin da suka tsaya suka karanta, suka zuba man da ya dace, suka canza sansa, da yawansu sun ci gaba da hawa shekaru. Labarin Ultradrive a ganina shaida ne na abin da ke faruwa idan na'ura ta riga iliminta isa gareji.

Abin mamaki, dokar hayaƙi ce ta kawo ilimin. Hukumar kula da iska ta jihar Kalifoniya ta fara tilasta wa motoci su riƙa binciken kansu daga 1988, amma kowane kamfani da nasa soket da nasa lambobi. Gyaran dokar tsabtar iska ta Amurka na 1990 ya buɗe hanyar daidaita su, ya kuma ce bayanan gyaran da suka shafi hayaƙi kada a ɓoye wa garejoji masu zaman kansu. Daga 1996 duk motar da za a sayar a Amurka dole ta zo da OBD-II: soket ɗaya mai rami 16 kusa da direba, da lambobi iri ɗaya ga kowa. Da yake canjin giya da kullewa suna shafar shan mai da hayaƙi, giyabos ya shiga ciki. Lambobin da suka fara daga P0700 nasa ne: P0715 sansar gudun shiga, P0720 ta gudun fita, P0740 da'irar kullewa, P0750 solonoyid na farko. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Sai wani ƙaramin kamfani a Kanada ya ƙera guntun ELM327 mai fassara harsunan motoci ga kwamfuta, masana'antun Sin suka kwaikwaye shi suka cika duniya da shi, har na'urar da a da sai dila ta koma abin da ake haɗawa da wayar hannu a kuɗin da bai kai cikon tanki ba. 'Yan majalisar da suka rubuta dokar, iskar Los Anjeles ce a gabansu, ba su san suna yi wa mai tsohuwar Camry a Zariya aiki ba.

Hujja ta biyu da ake kawowa ta fi ta farko nauyi, kuma makanikai na gaske ne ke kawo ta: lamba ba ganewar cuta ba ce. P0750 tana cewa kwamfuta ba ta ga abin da take tsammani a da'irar solonoyid ba, ba ta ce solonoyid ɗin ya mutu ba. Yana iya zama waya ce ta goge a jikin salansa, ko soket ya sha ruwa, ko batir ya yi rauni, ko wayar da ke haɗa injin da bodi ta yi tsatsa. Haka nan babu solonoyid ɗin da zai dawo da faibar da ta ƙone. Idan man giya ya yi baƙi yana warin ƙuna, ko aka ga garin ƙarfe a cikin tasar mai, lantarki ya gama nasa. Mai ɗan guntun ilimi da na'urar arha yana iya ɓarnar kuɗi yana canza kaya ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan gaskiya ne. Amma a duba abin da ke faruwa inda babu ko guntun ilimin. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka nufa. Waɗannan motoci, 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam, su ne suka cika titunan Nijeriya da Nijar, kuma maganin da aka fi sani idan giya ta fara fizga shi ne a je kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo a sayo wani giyabos na hannu. RAV4 ta 2001 zuwa 2003 misali ce mai kyau. Tana fizga mai ƙarfi wajen canza giya, amma tushen cutar a burenbos yake, kuma idan aka bar shi shi ke cinye giyar. Toyota da kanta ta tsawaita garantin wannan matsala a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Wanda ya sa sabon giyabos ya bar tsohon burenbos ya sayi wata ɓarnar ce kawai. Haka giyar AL4 ta 1997 da ke cikin Peugeot 406 da 307 da 206, motocin da Arewa ta saba da su saboda daɗewar kamfanin a Kaduna tun 1975: bugun da take yi ta maƙale a giya ta uku galibi daga solonoyid biyu ne na matsin mai, waɗanda ake canzawa ba tare da an sauke giyabos ba. Haɗarin ɗan ilimi bai kai asarar rashinsa ba.

Akwai kuma masu cewa lantarki yana tsufa ta hanyar da ƙarfe ba ya yi, kuma idan kamfani ya daina ƙera burenbos mota ta zama gawa. Shekaru talatin na tsofaffin motoci sun nuna inda tsufan yake kamawa, kuma wurare ne sanannu. Kafasita masu ruwa a ciki, irin na kwamfutocin Honda da Toyota da Mitsubishi na farkon shekarun 1990, suna yoyo su ci layukan allo. Dalmar da ta riƙe ƙafafun kaya tana tsagewa saboda zafi da sanyi da girgiza. Robar soket tana bushewa. A giyar 722.6 ta Mercedes, wadda ta fito a 1996, robar soket mai fil 13 tana saki, mai ya riƙa bin cikin waya a hankali har ya isa kwamfutar da ke nesa da giyabos, sannan farantin roba mai ɗauke da sansar gudu yana tsagewa. Duka waɗannan an san su, an rubuta su, kuma kayan gyaransu ƙanana ne. Allon kwamfutar wancan zamani manyan kaya gare shi, masu ƙafafu da ido ke gani, a cikin akwatin da sukurori huɗu suka riƙe, yana zaune a busasshen wuri ƙarƙashin dashbod. Duk mai gyaran rediyo ko talabijin da ya iya riƙe ƙarfen dalma zai iya canza masa kafasita.

Rufewar ta fara ne a hankali, da abin da ba shi da alaƙa da lantarki ma. Mercedes ta fitar da 722.6 ba tare da sandar duba mai ba, ta toshe bututun da murfi mai hatimi, ta ce man na har abada ne. Sandar ta koma kayan aikin gareji, kuma sai man ya kai zafin digiri 80 ake aunawa daidai. Daga baya kamfanin ya koma yana ba da shawarar a canza man a kilomita 60,000, amma al'adar cire sanda ta riga ta bazu. Babban sauyin ya zo a 2001 da giyar ZF mai giya shida a cikin BMW 7, inda aka ɗauke kwamfutar daga ƙarƙashin dashbod aka manna ta a jikin farantin bawul, cikin mai, ta zama dunƙule ɗaya da solonoyid da sansa. Mercedes ta yi haka a 722.9 a 2003, Volkswagen ma a DSG a shekarar. Injiniyoyi suna da dalilai na gaskiya, kuma rashin adalci ne a ce makirci ne zalla: wayoyi sun ragu, sokitocin da ke yoyo sun ragu, kuma giya mai hawa shida ko takwas tana buƙatar a auna halin kowane solonoyid a masana'anta a rubuta wa kwamfutarsa. Amma sakamakon shi ne wayar da mai mita ke aunawa ta ɓace cikin ƙarfe, sansar da a da ake kwancewa da sifana ta zama ɓangaren dunƙule mai tsada. Abin da babu dalilin injiniya da ya tilasta shi kuwa shi ne kullen. A 722.9 an sa farantin cikin jerin kayan da suka shafi satar mota, ba a sayar wa kowa, kuma sabo ba ya aiki sai an haɗa motar da kwamfutar kamfani ta intanet an ɗaura masa aure da lambar motar. Na hannu da aka ciro daga wata mota kuma yana riƙe da sunan tsohuwar uwargijiyarsa.

Daga nan gardamar ta bar gareji ta koma majalisa da kotu. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998 ta haramta karya makullin manhaja, kuma kamfanonin mota da na tarakta suka ce manhajar da ke cikin motar da mutum ya saya tasu ce, aro aka ba shi. Sai a 2015 Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka, wanda ke da ikon keɓewa, ya halatta buɗe ta domin gyara. A 2012 masu zaɓe a jihar Masacusets suka amince da dokar 'yancin gyara da kashi 86 cikin ɗari, abin da ya sa kamfanoni suka sa hannu a 2014 cewa za su ba garejoji masu zaman kansu a duk ƙasar irin bayanai da kayan binciken da suke ba dilolinsu. A 2020 jihar ta sake kaɗa ƙuri'a, kashi 75 suka ce har bayanan da mota ke aikawa ta iska a buɗe. Kamfanoni suka kai ƙara, aka shafe fiye da shekara huɗu kafin kotun tarayya ta kore ta a 2025. Hujjarsu mafi ƙarfi tsaro ce, kuma ba ƙirƙira ba ce. A 2015 masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, sun shiga kwamfutar wata Jeep Cherokee daga nesa, suka yanke mata ƙarfin tafiya tana kan babbar hanya, har Fiat Chrysler ta janye motoci miliyan 1.4 don gyara. Sai dai ta rediyon motar mai haɗe da layin waya suka shiga, ba ta soket ɗin ƙarƙashin sitiyari ba. Toshe ƙofar da ke kallon intanet wajibi ne. Toshe wadda sai mai riƙe da makullin mota yake isa gare ta wani abu ne dabam, kuma wanda ya fi cin ribarsa shi ne garejin dila.

Duk waɗannan dokoki a bakin teku suke tsayawa, motocin kuwa suna ƙetarewa. Yarjejeniyar 2014 ta ba garejin Amurka damar sayen izinin shiga kwamfutar kamfani na kwana ɗaya ko na shekara, da dala, da katin banki, da intanet mai ƙarfi, wani lokaci har da lasisin sana'a na can. Mai wayarin a Kaduna ko Damagaram da motar ta ƙare a hannunsa bayan shekara goma ba ya cikin lissafin, don haka yake aiki da na'urorin Sin da manhajojin da aka kwafa, kuma a manyan kasuwannin kayan mota an sami masu sana'ar goge ƙwaƙwalwar farantin hannu don ya karɓi sabuwar mota. Daga 2018 Fiat Chrysler ta sa wani mai gadi tsakanin soket mai rami 16 da sauran kwamfutocin motocinta. Na'urar kasuwa tana iya karanta lambar matsala, amma ba za ta goge ta ba, ba za ta umarci solonoyid ya motsa don gwaji ba, ba kuma za ta sa giya ta sake koyon kamawa bayan gyara ba, sai an yi rajista an biya kuɗin shekara. Wasu kamfanonin sun bi wannan hanya. Motocin shekarun nan su ne yanzu suka fara sauka a tashoshin Kwatano da Legas, kuma tun kafin su iso 'yan kasuwa suka fara sayar da wata gajeriyar igiya mai soket biyu, ɗaya mai fil 12 ɗaya mai fil 8, wadda ake zare mai gadin a bayan dashbod a soka ta a gurbinsa.